Shekara Uku Glenda Ba Ta Sha Shayi a Gidan Ɗanta Ba

Duk wanda ya yi aiki a tsohuwar masaƙar da ke gefen garin Accrington ya san Glenda Ashworth ko da bai riƙe sunanta ba, don ita ce mai turo keken shayi ƙarfe goma da rabi na safe da ƙarfe uku na yamma. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wannan aiki. Ta san mai shan nasa da sukari cokali biyu, ta san wanda likita ya hana amma yake kashe mata ido ta ƙara masa, ta san manajan da yake son nasa tsararo kamar ruwan ɗauraye kwano, kuma ta raina shi a kan haka har ya yi ritaya. Ranar da mijinta Cyril ya yanke jiki ya faɗi a tashar bas, ɗan sandan da ya kawo mata labarin rasuwar bai bar gidan ba sai da ya sha kofi biyu. Mutuwar ta doke ta ƙwarai, amma mutum ne ya tako ƙofarta, kuma a wurin Glenda ba a fara komai sai an ɗora buta.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Neville. Kamfaninsu ya tura shi Amurka aikin wata shida, sai ga shi ya dawo da mata, wata doguwa mai yawan dariya wai ita Darla, 'yar garin Tulsa. Tun ranar da aka ɗaura auren hankalin Glenda bai kwanta ba, don ta ji yadda dangin yarinyar suke ta cewa su koma can, ga fili ga rana ga aiki. Ta san sarai cewa ranar da Darla ta gaji da Accrington, ranar za ta rasa ɗanta. Saboda haka ta ƙudurta za ta riƙe surukar nan hannu biyu.

Zuwan Darla na farko, Glenda ta fito da kofunan tangaran da ta gada wurin uwarta, ta ɗumama butar shayi da ruwan zafi kafin ta zuba ganye, ta jera biskit a faranti. Darla ta shigo ta rungume ta kamar sun shekara da sabawa, hannunta ɗaya riƙe da wani ƙaton kofin takarda mai murfi. Da aka miƙa mata shayi sai ta ɗaga kofin ta ce ta gode, ai ga gahawarta ta taho da ita daga hanya. Glenda ta sake tayi, ta kuma sakewa, yadda kowane mai tarbiyya yake yi. A na ukun Darla ta tuntsire da dariya ta ce lallai Mamar Neville ba ta jin a'a. Haka shayin ya huce a buta, baƙuwa na zaune tana tsotsar murfi a falon mutane.

Glenda ta shanye wannan. Lahadi ta zagayo ta shiga bas ta je gidansu. Darla, don ta kyauta, ta ce bari ta haɗa mata shayi. Glenda tana zaune tana hango ta: ta tari ruwan famfo a kofi, ta tura cikin na'urar ɗumama abinci, ta danna, abin ya yi ƙara, ta fito da shi ta tsoma ƙullin ganye da zarensa yana reto, babu madara, babu komai. Ruwan ko tafasa bai yi ba, wata 'yar kumfa ce kawai a sama. Glenda ta karɓa ta ce madalla, ya yi kyau. Da Darla ta juya baya, ta tuttule shi a tukunyar shukar fulawar da ke gefen kujera.

Daga wannan rana ba a sake haɗa mata shayi a gidan ba. Duk Lahadi in ta shigo, Darla za ta ɗago daga abin da take yi ta ce, "Glenda, gidanki ne fa. Ga kicin nan, ki ɗauki duk abin da ranki yake so."

Ita kuma sai ta ce, "A'a, kada ki wahalar da kanki, 'yar nan."

Kowa ya san abin da yake biyo bayan wannan. Mai gida za ta ce wace wahala, ai dama yanzu zan ɗora; baƙo ya ce to in dai dama za ki ɗora; shi ke nan kowa ya fita kunyar kowa. Amma Darla sai ta ce to, ta ci gaba da harkarta. Glenda ta zauna da kwat ɗinta a jiki, jaka a kan cinya, maƙogwaro a bushe, tana jiran tayi na biyu. Awa biyu take yi. Shi kuwa Neville, wanda da shayi aka yaye shi, ya koma mai yawo da kofin gahawa daga ɗaki zuwa ɗaki, ko kallon hannun uwarsa ba ya yi ya ga babu komai a ciki.

Litinin da safe maƙwabciyarta Mavis ce mai shan labari, ta kan katangar bayan gida. Mavis ta taɓa ce mata, to tunda yarinyar ta ce ki ɗauka, me zai hana ki tashi ki ɗauka?

Glenda ta dube ta sama da ƙasa. "In shiga kicin ɗin wata in buɗe mata kabad? Ke Mavis, shekara arba'in muna tare, kin taɓa ganin hannuna a firjinki? Mai gyaran famfo ma in ya zo gidana ba ya ajiye jakarsa sai kofi na hannunsa. Ni da na haifi mai gidan, sai a nuna mini ƙofar kicin da baki kamar 'yar aiki."

Mavis ta ce ƙila haka suke yi a can. Glenda ta ja tsaki ta ce ai shi ya sa suke can.

Da aka haifi jikarta Josie, zuwan Lahadi ya zama dole, ko da za a bar ta da ƙishirwa har Litinin. Ta koyi shan kofi biyu kafin ta fito daga gida, abin da ya sa tafiyar bas ta minti arba'in ta zame mata azaba. Wata rana da zafi Darla ta ajiye wani tulu a tebur cike da ƙanƙara da yankan lemon tsami, ta ce shayi ne, kowa ya zuba. Glenda ta ce ba ta jin ƙishi. A haka aka ci shekara uku, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗaga murya ba, abin da take ganin ya isa a yaba mata.

Ran nan da yamma Neville ya zo shi kaɗai, ya zauna a kicin ɗinta yana juya cokali. Ya ce an ba shi aiki a Tulsa, kuma ya karɓa. Ya ce ba aikin ba ne ya ja shi, Darla ce ta gaji. Tana cewa shekara uku ba ta da kowa a garin nan, uwar mijinta ma har yau ba ta karɓe ta ba: tana zuwa ta zauna a bakin kujera da kwat a jiki kamar mai jiran likita, ko ruwan gidan ba ta taɓa sha ba. A wurin su Darla, in ji shi, wanda ya ɗauke ka nasa shi ne mai shigowa ya buɗe firji ba tare da ya tambaya ba.

Glenda ta ajiye butar da ƙarfi har murfin ya yi tsalle. "Ni ce ban karɓe ta ba? Shekara uku ina shanya baki a falonku, ba wanda ya ce mini ci kanki, yau kuma ni ce mai laifi? Kai kuma kana ina? Idonka na ado ne?"

"Mama, kullum fa sai ta ce ki ɗauka."

"Sau ɗaya take faɗa."

Sai a lokacin Neville, yana ɗan shekara arba'in da biyu, ya tuna cewa a gidan da ya tashi ba a karɓar tayi sai an maimaita shi.

Kwana huɗu Glenda tana faɗa da kanta. Ta yi wa Mavis mita har Mavis ta daina fitowa shanya. Amma Josie ta fara kiran sunanta, kuma Tulsa ba wurin da bas yake zuwa ba ne. Ranar Lahadi ta isa gidan ta tarar da kwalaye jere a zaure. Darla ta gaishe ta a sanyaye, wannan karon ko maganar kicin ba ta yi ba. Glenda ta tsaya, ta cire kwat ta rataye, ta bi ta gabansu ta shige kicin, kunya kamar ta nutse, kunnuwanta sun yi ja. Ta ji tamkar sata ta shigo yi da rana tsaka. Ta kama kabad na farko ta buɗe.

Butar lantarki ce a ciki, sabuwa ful, igiyarta a naɗe yadda ta fito daga kanti. Kusa da ita butar shayi ta ƙasa mai ruwan goro, da kwalin ganye irin wanda take sha, da kofi guda da faifansa.

Darla ta tsaya a bakin ƙofa da Josie a kafaɗa. Ta ce ta ga shayin da aka tuttule a fulawarta a waccan Lahadin ta farko, ta tambayi Neville, ya ce mata duk duniya babu mai haɗa wa uwarsa shayi ta yarda. Shi ne ta je ta sayo kayan, ta ajiye inda hannun Glenda zai kai, don ta haɗa abinta yadda take so.

"Duk wata shida nake zubar da ganyen in sayo sabo," in ji ta. "Na ɗauka ƙyamar gidan kike yi."

Glenda ta rasa wanda za ta fara rufewa da faɗa, yarinyar da ba ta iya tayi ba, ko sakaran ɗanta da ya san komai ya yi shiru, ko ita kanta. Ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko maganar tafiyar tana iya canzawa. Darla ta share ido ta ce an riga an sayar da gidan, Neville ya sa hannu, jirginsu ranar sha tara ga wata.

Glenda ta wanke butar sau biyu don ƙamshin sabunta ya fita, ta tafasa ruwa, ta ɗumama ta ƙasar, ta jira minti huɗu cif. Ta ɗauko madara a firji da hannunta. Sannan ta zauna a teburin kicin, tsakanin kwalaye, ta karɓi Josie ta ɗora a cinya, ta kurɓa. Shayin ya yi daidai, babu abin da za a kushe, kuma wannan ne ya fi komai ƙona mata rai. Lahadi biyu suka rage.