Lauyan Jidda da Na Ƙirƙira a Bayan Rumbu

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Makoɗa. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, ku dai samari ku saurara. Tun ina yaro ba ni da zama. In aka ba ni fartanya, kafin rana ta take na jingine ta na hau bayan babur ɗin wani na tafi kasuwa. Babana kan ce, "Kai dai yawo ne zai kashe ka."

Da ya rasu na sayar da ɗan kasona na gona na tafi Umara, na ƙi dawowa. Shekara biyar ina wankin mota a Jidda ina ɓuya, har ranar da aka kama ni ba takarda. Aka tsare ni, aka sa ni a jirgi, na sauka Kano da jallabiya ɗaya da Larabcin kasuwa. A ƙauye kuwa sai aka fara kirana Alhaji, ni ma na amsa.

Wajenmu kusan kowane layi akwai mai ɗan'uwa a can. Duk wanda aka kama nasa, gidanmu yake zuwa. Da farko kira kawai nake taya su, su ba ni kuɗin kati, in riƙe canji. Ran nan wani ya tambaye ni, "Alhaji, ba ka san wani lauya a can ba?" Wallahi kunyar in ce ban sani ba ce ta sa na ce na sani. Da na ga abin da ya ciro daga aljihu, sai kunyar ta zama sana'a.

Na sayi wani layin waya. Sai in zagaya bayan rumbunmu, in toshe hanci, in yi magana da Larabci cikin isa kamar lauya, in ɗauki muryar in tura wa kaina. Na raɗa wa mutumin suna Abu Faisal. In an dawo da wanda aka kama da wuri, in ce lauya ne ya fito da shi. In an daɗe, in ce lauya na can yana fafatawa. Ta kowace fuska ni ke da gaskiya. Amma hankalina bai taɓa kwanciya ba. Ko tuwo nake ci, in na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai in ajiye lomar in leƙa.

Sai maganar Rabi ta zo, 'yar Malam Sani ladanin masallacinmu. Mijinta ya rasu a can Jidda, tana aikatau, aka kama ta a hanya. Ɗanta Mudassir, ɗan shekara uku, yana hannun wata maƙwabciya, kuma ba shi da takarda ko ɗaya don a can aka haife shi. Rabi ba ta ƙi a dawo da ita ba. Abin da take roƙo a waya tana kuka shi ne a samu wanda zai tsaya a haɗa ta da ɗanta kafin a sa ta a jirgi.

Wani ɗan ƙanin Malam da ke koyarwa a Gezawa ya ce a je birni ofishin lauya na gaske, ya rubuta wa ofishin jakadancinmu. Ni na hana. Na ce, "Malam, waɗannan na birni rubutu kawai suka iya. Nawa yana can, da ƙafarsa zai shiga." Tsohon ya sayar da gyaɗarsa da raguna biyu ya kawo mini kuɗin.

Mako uku yana zuwa kullum ya zauna a dakalinmu, in kunna masa saƙo in fassara. Yau an kai takarda, gobe alƙali ya yi tafiya. Sai ya ce, "Allah ya saka wa bawan Allahn nan," ya tashi. Na san kwanaki na ƙarewa, na kuma san abin da ƙarewarsu ke nufi, don ni ma an taɓa sa ni a wannan jirgin. Na ci gaba.

Wata rana ina sauri zan tafi Ungogo, na yi saƙon a gaggauce da yamma, ban saurare shi ba. Washegari na kunna masa. Ya karkata kai ya ce, "Sake sa mini." Na sake. Ya ce in ƙara murya. Can bayan Larabcin Abu Faisal, ga lasifikar masallacinmu tana kiran la'asar, har da ɗan tarin da Malam ke yi kafin ya ja.

Ya dube ni ya ce, "Alhaji, a Jiddan ma ni ke kiran salla?"

Bai ɗaga murya ba. Na so ƙwarai ya mare ni, bai yi ba. Ya lalubi takalminsa ya tafi gidan mai unguwa. Kafin magariba mutum tara sun fito da nasu labarin, 'yan sanda suka zo. Ina tsare aka gaya mini Rabi ta sauka, ita kaɗai.

Alƙali ya ba ni shekara uku. A gidan yari akwai wata lauya da ke zuwa duba shari'ar marasa gata kyauta. Na ba ta labarin, na ce, "Ranki ya daɗe, da wurinki aka zo da wuri fa?" Ta ce, "Ba zan ce lallai ba, lauyan kirki ba ya alkawarin nasara. Amma akwai hanya, kuma makonnin nan uku su ne lokacinta." Ranar ban iya cin abinci ba, na yi ta zagaya tsakar gidan har mai gadi ya daka mini tsawa. Daga nan na kama salla da gaske.

To ku ji daga bakin wanda ya yi. In an kama naku a waje, kada ku ba mai cewa "na san wani" ko sisi. Ku je ofis ku ga lauyan da idonku, ku tambayi cikakken sunansa ku bincika a ƙungiyar lauyoyi, ku sa a rubuta abin da zai yi. Wanda ya rantse muku zai ci nasara, ku tashi ku bar wurin. Kai kuma saurayi, in an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba. Ba a ɗaure kowa a kan wannan.

Da aka sake ni ban shiga gidanmu ba sai da na je wurin Malam Sani na durƙusa. Ya ce ya yafe gyaɗarsa da ragunansa, sauran ba nasa ba ne. Ya aika aka kira Rabi. Ta tsaya daga bakin zaure riƙe da waya. Har yanzu ana neman yadda za a kawo yaron, abin ya ƙi, don maƙwabciyar ma ɓuya take yi.

Na ce, "Yaya Rabi, ki yafe mini don Allah."

Ta ce, "Duk Juma'a ana haɗa ni da shi a waya. Shekararsa shida, ba ya jin Hausa, matar can yake kira uwa. Kai da ka iya Larabci, zo ka gaya masa ko ni wace ce."

Ta miƙo wayar. Na kasa karɓa.