Masarar Ɗaya ga Oktoba

Duk ranar ɗaya ga Oktoba rediyo ba ya gajiya da jero abubuwan da suka faru a wannan rana. Ranar ce Turawa suka sauke tutarsu muka ɗaga tamu. Bayan 'yan shekaru, a ranar dai, aka ce mun zama jamhuriya. Ranar ce soja suka taɓa miƙa wa farar hula mulki, daga baya kuma wani sojan ya zaɓe ta ya yanka sababbin jihohi. Babanmu, Allah ya jiƙansa, yakan rataye rediyonsa a reshen ɗorawa muna karyar masara, ya ce shi dai abin da ya sani, ranar ce gwamnati ke sako masa 'ya'yansa su yi masa aiki.

Da ya rasu aka raba gonarmu ta Ƙarfi biyu. Gabas ta yayana, yamma tawa, aka dasa gamba a tsakani. Ni ina koyarwa a firamare a Funtua, alli kawai hannuna ya iya riƙewa, sai na bar wa Yaya tawa yana nomawa. Abu ɗaya na riƙe: ba a karya masarar gonata sai na zo. Hutun ɗaya ga Oktoba kuwa daidai yake faɗowa lokacin da ta bushe. Sai in hau babur da farar safiya, in tarar Yaya ya tara mutane, mu yini muna karya muna ɓarewa. Yaran gida na yi mini dariya don kafin azahar tafin hannuna ya yi kanta. Ban damu ba. A duk shekara ranar ce kaɗai nake jin ni ma ɗan wani ne mai ƙasa. Bayan kwana biyu Yaya ya aiko mini da buhuna, in yi ta rabon gari ga maƙwabta ina cewa na gonata ne.

Shekarar da zan bar aiki na fara lissafin komawa gida in noma abina da kaina. Na je a ranar da na saba. Muna cikin aiki sai ga wani Alhaji, mai sayar da taki a kasuwar Malumfashi, ya zo da kwanon fura. Na sha ganinsa a bakin gonar a shekarun baya, na ɗauka abokin Yaya ne. Ya miƙo mini hannu yana murmushi.

"Malam, Allah ya saka da alheri. Tunda na sayi gonar nan ba ka taɓa fashin zuwa taya ni ba. Yanzu irinku sun yi ƙaranci."

Na ce, "Wace gonar, Alhaji?"

Ya nuna inda nake tsaye. Ya ce ai yayana ne ya sayar masa tun shekarar da shi Yayan ya aurar da 'yarsa ta fari, ya gaya masa da yawuna, kuma ya roƙe shi alfarma guda, ya riƙa barin masarar a tsaye har ranar hutu saboda ƙanensa na son aikin. Yarinyar da yake faɗa kuwa ɗanta na fari har ya shiga makaranta.

Ban san lokacin da masarar hannuna ta faɗi ba. Na dubi mutanen da ke aiki, duk sun sunkuyar da kai, kowa ya ƙura wa karansa ido. Ashe kowa ya sani. Da 'yan'uwa, da maƙwabta, har da yaran da ke mini dariya. Shekara da shekaru ina ƙwadago kyauta a ƙasar ubana, gari guda na kallona. Wallahi kunyar ta fi mini rashin gonar zafi.

Na iske Yaya a gindin ɗorawa yana ɗinke buhu. Ban ɗaga murya ba, don na san in na fara ba zan iya tsayawa ba. Na tambaye shi buhunan da yake aiko mini daga ina suke. Ya ce daga rumbunsa. Na ce me ya hana shi ya neme ni lokacin da ta matse shi, alhali ya san da ya roƙa da na ba shi.

Ya soke basillarsa a jikin buhun.

"Na san da ka ba ni," in ji shi. "To amma in ba gonar, me zai riƙa kawo ka gida?"

Na tsaya ina jiran ya ce in yafe masa. Bai ce ba, sai ya ci gaba da ɗinkinsa. Na tura babur ɗina har bakin titi kafin na iya tayar da shi.

Buhunan sun iso Funtua bayan kwana biyu kamar kullum. Na ce wa mai motar ya mayar. Yaya ya san ni sarai, don tun daga ranar ban sake taka Ƙarfi ba.