Rijiyar da Na Haƙa a Gonar Aro

Shekarun baya, lokacin da kasuwa ta juya wa mutane da yawa baya, abokina ya tattara iyalinsa daga Kano ya dawo gida Haɗejiya. Tare muka taso da shi a unguwa ɗaya. A Kano jiran shago yake yi wajen wani mai sayar da atamfa, shagon ya rufe, shi kuma ya ce ya gaji da ci daga hannun wani, noma zai yi. Ranar da ya faɗa mana a majalisa mun yi dariya har da riƙe ciki, don mutum ne da ko rake zai sha sai an fere masa.

Ashe da gaske yake. Mahaifinsa bai bar gona ba, don haka ya je wajen baffansa, ƙanin mahaifin nasa, ya roƙi aro. Baffan ya nuna masa wani fili a gefen fadama ta hanyar Kirikasamma, wanda aka daɗe da yasarwa. Rabinsa kacala ta cinye, doguwar ciyawar nan da ke toshe mana hanyoyin ruwa. Ɗaya rabin kuma da rani bushewa yake yi ya tsattsage, saboda kogi ya yi masa nisa. Baffan har cewa ya yi, "Je ka yi ta nomawa, ɗana. Ni me zan yi da shi? Ko akuya ba ta kiwo a wajen."

Na je na same shi wata rana yana saran kacalar nan, ruwa har ƙugu, matsattsaku sun manne masa a ƙafa, tafin hannunsa duk ya fashe. Mutumin da muke wa dariya ke nan. Kunya ta kama ni, na dawo gida da niyyar lallai sai na yi masa wata gudummawa da za ta tsaya masa.

To, a nan ne wayona ya motsa. Na zauna ina ta auna abin da ya dace. Fartanya da lauje na ga sun yi mini ƙanƙanta, ina ma'aikacin gwamnati a ce kyautata fartanya. Buhun taki kuwa shekara ɗaya ya ƙare. Na yi tunanin injin feshi, na yi tunanin amalanke, sai na tuna halinmu. A garinmu duk abin da ake iya ɗauka ba na mutum ɗaya ba ne. Yau maƙwabci ya aiko a ba shi aro, gobe suruki, jibi wani da ba ka ma san shi ba ya ce ai gidanku ɗaya da kakarsa. Abokina kuma ba ya iya cewa a'a. Na san in na saya masa inji, sai dai ya riƙa jin labarinsa a gonakin mutane.

Sai na ce bari in ba shi abin da babu mai iya saɓawa a kafaɗa. Na ɗauko masu haƙa suka yi masa rijiyar burtsatse irin ta fadama, wadda ake tura bututu cikin ƙasa a jona mata inji. Ranar da ruwa ya feso, abokina ya tara hannu ya wanke fuska, ya juyo ya ce, "Mutumina, ka gama mini komai." Ni kuwa ina tsaye ina gyara hula, ina jin duk ƙasar Haɗejiya babu mai hangen nesa irina.

Matarsa ta sayar da awakinta suka sayi tsohon injin ban-ruwa. Ranin nan ya shuka tattasai da albasa. Ya yi kurakurai irin na sabon shiga, wani wajen ya cika ruwa, wani wajen tsutsa ta riga shi, amma Allah ya dube shi. Filin da ko akuya ba ta shiga ya zama kore shar, har masu wucewa a babur suna rage gudu su kalla.

Da ya fara tsinka, ya yi abin da kowane mai aron gona yake yi. Ya zaɓi masu kyau a cikin tattasan, ya haɗa da albasa, ya kai wa baffansa don godiya. Baffan ya juya tattasan nan a hannu, ya ce, "A wannan filin nawa?" Washegari ya sa aka kai shi ya gani da idonsa, filin da ya yi shekaru bai taka ba. Ya zagaya, ya tsaya a kan rijiyar ya daɗe, ya sa albarka ya tafi.

Bai ce komai ba sai da aka kwashe amfanin gona kaf, don a al'ada ba a karɓar gona da shuka a cikinta. Sannan ya aika a kira abokina. Ni na raka shi, a zatonmu wata sa albarkar ce.

"Ɗana, ka yi ƙoƙari, ka fitar da mu kunya," in ji shi. "Sai dai ka san ɗan nan nawa, ƙaninka, zai yi aure, ba shi da abin yi. Filin nan shi zan ba wa bana."

Abokina ya ce, "Baffa, ai cewa ka yi in yi ta nomawa."

"Ka noma ai. Aro na ba ka, ɗana, ban ce kyauta ba. Ko na ce?"

Na kasa haƙuri na sa baki. "Baba, rijiyar fa?"

Ya dube ni cikin natsuwa, ba faɗa ba tsawa. "Rijiyarku ce, yaro. Ni ban ce a haƙa ba. In kuna so ku cire abinku."

Wallahi har yau ban manta da maganar nan ba. Ta yaya ake cire rami? Na zaɓi kyautar da ba a iya aronta, sai aka ɗauke ta da ƙasar da take ciki gaba ɗaya.

Mun je wajen manya. Kowa ya tausaya, kowa ya girgiza kai, amma maganarsu ɗaya ce: fili na mai shi ne, aro kuma yana ƙarewa da girbi. Na ce mu kai ƙara ko don wahalar sharar kacalar. Mahaifiyar abokina ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, kada ka sa ya tsaya da ƙanin ubansa gaban alƙali. Ina zan sa kaina a dangi?" Shi ke nan, na janye maganar ƙara.

Baffan ya nuna shi mai adalci ne, ya ce ga wani filin can gaba, shi ma aro. Muka je muka duba. Kacala ce tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya. Abokina ya daɗe yana kallonta, sannan ya dubi tafin hannunsa. A hanyar dawowa muna kan babur ya ce mini, "Ka san wani abu? Da ba ka haƙa rijiyar nan ba, da har yanzu ina da gona." Ba da fushi ya faɗa ba, har da 'yar dariyarsa. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kafin damina ya sayar da injin ya mayar wa matarsa kuɗin awakinta, suka koma Kano. Yanzu wani shagon yake jira. Muna waya, muna zumunci, amma ko da wasa ba ya son a yi hirar noma.

Shi ya sa in wani ya tambaye ni me zai ba ɗan'uwansa da ke son fara noma, ba na fara lissafa masa kaya. Tambayata ta farko ita ce, ƙasar ta wa ce? In ta aro ce, ka ba shi abin da zai koma gida da shi da yamma: fartanyarsa, takalmin shiga ruwa, iri mai kyau, tunkiya ko biyu. In an ara ba a dawo da shi ba, abu ɗaya ya rasa. Kada ka gyara masa gonar wani har ta yi kyan da mai ita zai tuna da ita.

Bara na haɗu da baffan a wajen wani suna. Ya tsufa, amma ya gane ni. Ya kama hannuna ya riƙe gam, ya juya ga mutanen da ke zaune ya ce, "Kun ga wannan yaron? Shi ya haƙa mana rijiya. Har yau ba ta taɓa ƙafewa ba. Sadaka mai gudana ka yi, ɗana, Allah ya kai ladan kabarin iyaye."

Jama'a suka ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga, na shafa, don ba a ƙin amsa addu'ar babba. Amma tun da nake ban taɓa faɗin amin mai ɗaci irin wannan ba.