Randar da Ba a Liƙewa

Duk wanda ya shigo gidanmu a Cadawa tsakanin azahar da la'asar, kafin ya ga kowa ruwa zai fara ji. Ɗiga yake yi, ɗaya bayan ɗaya, daga wata tsohuwar randa da ke bisa gwafa a gindin zogale, yana faɗawa cikin tulu mai ƙaramin baki. Baƙi sukan tsaya suna waige-waige, su ga inda ake ɓarna. Ni kuwa in shimfiɗa masu tabarma, in ce su kwantar da hankalinsu, aikin hannuna ne.

Lakol, wato makarantar boko, kaɗan na taɓa, amma kunne kam Allah ya ba ni. Ina cikin ɗaki nake gane turmin wace maƙwabciya ake daka, in gane gero ne ko dawa. Moto in ya tsaya ƙofar gida na san na waye tun bai yi sallama ba. Ni ba mai yawo ba ce. Gidana ya ishe ni, surutuna kuma ya ishi gidan.

Maigidana injin niƙa ya riƙe a bakin kasuwa tun muna da ƙuruciya. Shekara da shekaru yana tsaye cikin wannan ƙara, gari a gira, gari a gemu. Da ƙarfi ya fara raguwa sai ya bar wa wani, ya dawo ga gona da gida. Ashe ƙarar ta biyo shi. Ya ce mani cikin kunnensa kamar gyare ke kuka, kuma in wuri ya yi shiru sai abin ya ƙaru. A gidan likita aka duba, aka ce kunnen ya gaji ne, ya riƙa hutawa. To hutun ne ya gagara. In ya dawo daga sallar azahar ya shimfiɗa tabarma, sai ya juya dama ya juya hagu, ya tashi yana tsaki, ya fita ƙofar gida cikin wannan rana ya zauna. Mutumin da bai taɓa yi wa akuya tsawa ba ya koma faɗa da kaji. Wuyansa ya fara fitowa daga riga. Ya kuma ja mani kunne kada in gaya wa kowa, ko da danginsa ne. Na gane tsoronsa. A garin nan, in aka ji mutum na jin ƙara shi kaɗai, kafin a jima an kawo zancen iskoki, kowa ya zo da nasa turaren da nasa rubutun.

Cikin damina ne Allah ya nuna mani hanya. An yi ruwa da hantsi ya ɗauke, indararon ɗakinsa na ta ɗiga cikin tulun da na tara. Ina madafa na ji gidan ya canza. Babu tsaki, babu motsin tabarma. Na leƙo da muciya a hannu, sai ga shi ya bar baki buɗe yana minshari. Ranar kajina sun sha kora da hannu, don ko "kus" ban yarda na ce ba. Washegari ba a yi ruwa ba, bai runtsa ba. Da aka sake yi, ya sake barci. Sai na gane ɗigon ne ke danne mashi gyaren.

Amma damina ba ta zama. Ina kallon gero na fidda kai, ina tunanin yadda zan yi in ruwa ya ɗauke.

Akwai wata randa da na zo da ita tun aurena, bunsuru ya taɓa ture ta, ta yi siririyar tsaga kusa da gindi. Na jingine ta bayan rumbu da nufin in riƙa zuba wake. Ita na jawo, na wanke, na ɗora bisa gwafa mai yatsu uku, na cika ta. Ruwa ya fara tsattsafowa. Sauran aikin na kunne ne, kuma ya ɗauke ni lokaci. Na tara tasa, ta riƙa yin tan-tan kamar maƙeri na aiki. Na tara roba, faf-faf, babu daɗi ko kaɗan. Na kifa ƙwarya bisa ruwa irin yadda mata ke yi wajen biki, wannan kam ya yi daɗi, sai dai kafaɗa yake motsa wa mutum, ba barci yake kawowa ba. Daga ƙarshe na koma ga tulu, na zuba ɗan ruwa a ciki tukuna, na haƙa mashi gurbi don ɗigon ya samu nisan faɗawa. Ɗulum. Da na ji wannan na san na iso.

Sai kuma saurin ɗigon. In ya yi sauri, kamar mace ce ke mita. In ya yi jinkiri, mutum zai kwanta yana jiran na gaba, barci ya gudu. Na murza zaren auduga na soka a tsagar da tsinke, ina ƙarawa ina ragewa, har ya zo daidai da numfashin mai barci.

Ban ce mashi don shi na yi ba. Cewa na yi ruwa nake tacewa. Ya dubi randar, ya dube ni, washegari kuwa da kansa ya jawo tabarmarsa zuwa gindin zogalen.

Tun daga nan gidanmu ya samu azahar. Shi yana barci, ni ina gefe da faifai ina tsintar wake ko ɓarar gyaɗa, bakina a rufe, abin da ƴaƴana suka ce ba su taɓa gani ba. Ni ma ashe ina bukata. Kafaɗuna sukan sauka, tunanin cefane da na jikoki ya lafa. Kuma tulun na gaya mani lokaci: da azahar muryarsa mai kauri ce, yana cika tana sirancewa, in ta yi siririya sosai na san ladan ya kusa, sai in taɓa ƙafar maigida. Ruwan ko ɗigo ba ya ɓacewa. Mai sanyi ne, tatacce, da shi nake dama hura, sauran in ba zogale.

Bayan girbi sai ga Yaya ta zo daga Gangara bisa amalanke, da ƙunshin daddawa da kuka. Yayar maigidana ce, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka a wurina matsayin suruka take. Durƙusawa nake in gaishe ta, ba na haɗa ido da ita, ba na musa mata ko da ta ce rana daga yamma ta fito. Ita kuwa har yau amarya take ce mani, ga ni da jikoki. A ƙauyensu rijiya na da zurfi, tafin hannunta duk kantar igiyar guga ce. Mace irin wannan in ta ji ruwa na ɗiga, jikinta ne ke yi mata ciwo.

Ranar da ta iso ta kalli randar ta wutsiyar ido, ta ce tana yoyo. Na ce eh, Yaya, na gani. Iyakar abin da na iya cewa ke nan, tunda in na buɗe baki sai na tona abin da aka ce in rufe.

Da safe na shiga maƙwabta barkar haihuwa. Ban daɗe ba, ko kuwa in ce ban daɗe sosai ba. Ina sa ƙafa a zaure na ji shiru. Na tarar da Yaya zaune bisa kujera ƴar tsuguno, hannu duk toka. Ta jiƙa ƙaro, ta kwaɓa da toka, ta zare zarena ta yar, ta liƙe tsagar ciki da waje. Aiki mai kyau kuwa, ko mai ginin tukwane sai haka.

"Amarya, na gyara maki," ta ce. "Ku mutanen pompo kun manta wuyar guga."

Na durƙusa na yi mata godiya, har da sa albarka. Da maigida ya dawo daga masallaci ya yi turus, ya dubi randa, ya dube ni. Ta nuna mashi aikinta da haɓa. Shi ma ya yi godiya, ya ce Allah ya bar mana ita.

Ya kwanta. Ya juya dama, ya juya hagu. Ina jin kowane motsin tabarmar nan kamar a bayana ake yi. Can ya tashi ya fita.

Na yi tunanin in ɓanɓare liƙin a ɓoye in ce da kansa ya faɗi, amma Yaya ta san hannunta, kuma sake liƙewa za ta yi, ta ƙara da faɗa. Na yi tunanin in haƙura har ta tafi, sai dai Yaya in ta zo ba ta ƙirga kwana. Ana haka tsakin ya dawo, idon maigida ya yi ja, kaji suka koma shan faɗa. Wata rana da la'asar ta tambaye shi labarin wata gonar gado, ya ba ta amsa a gajarce, da wata murya da bai taɓa yi mata ba. Ta shiga ɗaki, na ji tana ninke zannuwanta. Daga baya ta ce mani in nemo mata amalanken da zai koma ranar kasuwa, tunda ta ga alama zamanta ya yi wa masu gida nauyi. Tana faɗa tana kallona, na san wa take zargi.

Na same shi a zaure yana sa hula. Na ce Malam, ko ka gaya mata da bakinka, ko ka sake mani nawa, don matar nan za ta tafi da ɓacin rai a kan abin da ba ta sani ba, kai kuma ga ka nan kana ƙarewa. Ya daɗe yana gyara hular da ba ta karkace ba.

"Ai ke ce mai baki a gidan nan," ya ce, ya fita.

Na ɗauko gyaɗa na zauna kusa da ita muna ɓara. Na faro daga nesa, daga injin niƙa da garin da ke cika mashi gira, na biyo ta gidan likita, na zo kan indararo. Ban taɓa yin magana a hankali irin ta ranar ba. Ta daina ɓara. Ta dubi randar ta daɗe.

"Shi ne kuka bar ni na toshe wa ƙanena barci, kuna ta yi mani godiya?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce mu duka biyun ba mu da wayo, shi da ta wanke wa kashi zai ɓoye mata ciwon kunne, wai iskoki, iskokin me. Tana faɗa tana miƙewa. Ta sa na ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta jiƙa liƙin, ta bi shi da tsinke. Ƙaron ya kama da gaske, da ya tashi fita sai ya tafi da ɗan ɓallin randar. Muka zuba ruwa, ya riƙa tsiyaya kamar akuya na fitsari. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata shi ke nan, randar aurena ta gama aiki. Zarena na auduga ya yi mata siriri yanzu.

Yaya ta kama gefen tsohon gwadonta na saƙi, ta zaro zare mai kauri, ta murza bisa cinya. Ta durƙusa gaban randar, ta soka shi a tsagar, ta ce in faɗa mata, tunda kunnen nawa ne. Na rufe ido. Na ce ƙara, Yaya. Ta ƙara. Na ce ya yi yawa, rage. Ta rage. Na ce a'a, ba haka ba, tura shi ciki kaɗan. Ni ce wai nake ce wa Yaya "a'a", tana bi ba musu. Har yau in na tuna sai in ji kaina ya ƙara tsawo. Muna nan har aka kira azahar, sannan ɗigon ya zauna. Ɗulum. Ya ma fi na da kauri.

Da maigida ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin zaure yana saurare. Ya jawo tabarmarsa, ya kwanta, ya juya sau ɗaya. Yaya ta ɗauki mahuci ta zauna wajen kansa tana kore mashi ƙuda, da wata kaza ta matso ta harare ta har ta koma. Da minsharin ya fara, ta dube ni ta taɓe baki, wai haka yake yi tun yana goye.

Amalanken ranar kasuwa ya tafi babu ita. Ta zauna har aka gama sussuka.

Zaren gwadonta na nan a randar, ya yi kore, ban canza shi ba. Maigida ya mayar da wuyansa cikin riga, kaji sun samu lafiya. Yaya in ta zo yanzu, ita ke cika randar da hannunta kafin azahar. Amma ba ta fasa ba: sai ta durƙusa ta shafa ƙasar da ke kewaye da tulun, ta tabbatar a bushe take, sannan ta yarda ta zauna.