Hoton da Ya Riga Ni Zuwa Gida

Shekarata ta biyu ina karatun haɗa magunguna a gabashin Turai na shiga ƙungiyar masu hawan duwatsu ta jami'armu. Turawan suna ta mamakin yadda nake tsallake dutse babu sanda. Ni kuwa dariya suke ba ni, don tun ina ɗan shekara bakwai nake bin awakin gidanmu a kan duwatsun garinmu Dutse, da silifas ɗin roba. Duk Asabar mukan hau jirgin ƙasa mu bar gari, mu yini muna hawa, mu ci burodi da cuku a can sama. A nan na yi abokai, har da wani ɗan Indiya mai surutun tsiya da wata Baturiya da ke jagorantar tafiyar.

Mu biyu ne 'yan Jigawa a makarantar, ni da wani ɗan Kafin Hausa da muke ɗaki ɗaya. Tukunyarmu ɗaya, kuma ni na koya masa tuƙa tuwo da garin semo. Wata Asabar na matsa masa ya biyo mu. Ba mu kai rabin hanya ba ya zube yana haki, sai da ɗan Indiyan ya ɗaukar masa jaka. Na yi masa tsiya, ban ɓoye ba. Na ce mutumin Kafin Hausa ko tudun tururuwa ya gani sai ya nemi ɗan acaɓa, har na fassara wa sauran suka yi ta ƙyaƙyatawa. Shi ma ya yi murmushi, na ɗauka ya wuce.

A ƙolin dutsen akwai wata bukkar katako da ake sayar da abin sha. Su suka sayi giyarsu, ni na sayi ruwan tuffa, kuma duk a irin kofi ɗaya aka zuba mana. Da aka zo ɗaukar hoto Baturiyar ta dafa kafaɗata kamar yadda ta dafa ta na gefenta. Abokin nawa ne ya ɗauka. Ya yanke sauran mutane tas, ya bar ni da kofi da mace, ya tura wa yayana a gida, wai a taya ni da addu'a.

Mahaifinmu malami ne, yana da makarantar allo da zauren karatu, kuma duk azumi yana tafsiri a masallacin unguwa. Tun ina shekara sha shida ni nake ja masa baƙi, ina karanto aya yana fassarawa. Ko da na tafi karatu, hutuna nake daidaitawa da azumi saboda wannan kujerar. Da hoton ya kai gare shi, na kira shi na yi rantsuwa, na tura masa cikakken hoton. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi ya gani. Da na iso gida a azumin sai na tarar da wani ɗalibinsa zaune a wurina, ni kuma aka matsa mini a sahu na uku. Na ji zafin da ban taɓa ji ba. Abokin nawa ya ba ni haƙuri daga baya, wai wasa ne ya wuce gona da iri. Na ce ba komai, na sauya ɗaki, na ajiye abin a raina ina jira.

Shekara huɗu na jira. Mun gama, mun dawo, ina aiki a wani kantin magani, sai ga wani dattijo daga Aujara ya yi sallama a zaurenmu. Kawun yarinyar da abokin nawa ke nema ne, ya zo bincike kamar yadda aka saba kafin a ba da aure. Ya ce an gaya masa ni kaɗai na zauna da yaron a ƙasar waje, don haka in faɗa masa tsakanina da Allah. Gaskiyar ita ce yaron yana salla, ba ya sha, ba ya bin mata. Na san haka sarai. Na sunkuyar da kai, na daɗe ina murza bakin tabarma, na bar dattijon ya ƙare wa fuskata kallo.

"Alhaji, ni dai ba zan ce komai ba," na ce masa. "Amma ku ƙara bincike."

Ya yi salati a hankali, ya yi godiya, ya sa takalminsa. Kowa ya san abin da wannan maganar take yi wa neman aure. Ba a yi sati biyu ba aka mayar wa mutanen Kafin Hausa kayansu. Ranar da labarin ya iso ni na ci tuwo malmala biyu, don daɗi na ji har cikin raina.

Ashe Malam yana ɗakin littattafansa da ke jikin zauren a ranar, ya ji komai. Bai tanka ba sai da azumi ya rage kwana goma. Ya kira ni, ya tambaye ni ko na san wani aibu a jikin yaron. Na ce ni ban yi masa ƙarya ba. Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba.

"Na riga na gaya wa yayanka bana kai za ka koma kujerarka," in ji shi. "Amma harshen da ya iya wannan aikin, a bar shi ya huta tukuna."

Azumi uku ke nan da yin haka. Har yanzu a sahu na uku nake zama, ina jin ɗalibin nan yana jan ayoyin da na fi shi iyawa. Yayana ya sha ce mini in je Aujara in warware maganar, ko Malam zai huce. Daga Dutse tafiyar ba ta da nisa, mota tana tashi kullum. Ban je ba.