Sunan Dattijon Falanko

Ranar da ruwan shuka ya sauka, ina rabon irin gero a kamfaninmu na Tanut. Wani dattijo ya zo daga Falanko. Da hannuna na shigar da sunansa, amma duk na nema, shegiyar kwamfutar sai ta kawo mini jerin bara. In babu suna, ba a ba da iri. Na kashe, na kunna, na kira mai gyara a Damagaram. "Goge abin da ta haddace," ya ce, sai rezon waya ya ɗauke. A ina ake gogewa? Ban sani ba.

"Ɗana, dube ni," in ji dattijon, "ga ni gabanka."

Bayan kwana huɗu sunan ya fito. Gonarsa ta riga ta bushe.