Auta, Ƙanena da Ya Fi Ni Ido

Dukkanmu na Allah ne, kuma kowa da ranar da za a kira shi. Taka ranar, Auta, ta zo ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi. Ina shagona ina goge katako matarka ta bugo waya. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Yaya, ka zo asibiti." Kafin in samu abin hawa in isa, an riga an rufe maka fuska. Likita ya ce zuciya ce. Shekararka hamsin da takwas, ni da na girme ka da shekara shida ga ni zaune ina rubutu.

Masu ta'aziyya sun faɗi alherinka har sun gaji, kuma ba su yi maka ƙari ba. Abin da ya rage shi ne wanda ni kaɗai zan iya faɗa. Na shafe fiye da shekara talatin ina ƙyashinka, ka sani, kuma ba ka taɓa nuna mini ka sani ba.

Ga wanda bai san mu ba, sana'ar mahaifinmu muka gada, sassaƙa gindin bindigar harbin tsuntsu da daidaita shi da jikin mai ita. Irin wannan bindiga ba a tsayawa a yi saiti da ita. Tsuntsu ya tashi, ka kai katako kafaɗa, ka ɗora kunci, ka taɓa kunama, shi ke nan. Idan katakon ya yi tsawo, ko ya yi ƙasa da kunci, ko bai karkata yadda ido zai zauna a kan bakin bindiga ba, mutum zai yi ta ɓarar da harsashi yana zagin hannunsa, alhali laifin na katako ne.

Ni na fara koya. Na iya tef, na iya fensir, na haddace awon Baba daga gwiwar hannu zuwa ɗan yatsa. Kai kuwa awo bai dame ka ba. Sai ka ce wa mutum ya rufe ido, ya ɗaga bindiga wadda babu harsashi a ciki, sannan ya buɗe. Ka tsaya ka dube shi sau uku, ka ɗauki magagari. Ina yi maka dariya a lokacin, ina cewa wannan ai duba ne, ba aiki ba.

Dariyar ta ƙare ranar da Baba ya tsufa ya fara kuskure. Mutumin da bai taɓa komowa daga gona hannu wofi ba ya yi sati uku tsuntsaye suna cin hatsinsa a gabansa. Na auna shi, awo ya fito daidai da na da, na ce masa, "Baba, ido ne, sai haƙuri." Kai ka dube shi yana sunkuyawa zai ɗauki takalmi, ka ce, "Baba, bayanka ne ya ranƙwafa, kawo in rage mata." Ka yanke abin da bai kai faɗin yatsa ba, ka ɗora fata a inda kunci yake zama. Washegari ya komo da kurciya bakwai. Ina bakin ƙofa na ji yana ce wa Inna, "Babban yana da hannu, amma ƙaramin ido gare shi." Bai san ina ji ba. Har Baba ya rasu ban gaya wa kowa ba, amma maganar nan ita ta fitar da ni daga shagonmu na kama nawa a tsallaken titi.

Daga tsallaken nan na yi shekara talatin ina kallonka. Aikina ya fi naka kyau, wannan kai da kanka kana faɗa. Zanen da nake yi a mariƙin bindiga ba ka iya shi ba, naka katakon kullum kamar ba a gama ba. Amma motoci a ƙofarka suke tsayawa. Na ga wani tsohon direba mai guntun yatsu biyu da kowa ya ce ya haƙura da harbi, ka yini kana sassaƙe masa mariƙi har ya zauna a hannunsa. Na ga wani malamin makaranta ya zo da kuɗin sabuwar bindiga, ka ce masa, "Mayar da kuɗinka aljihu, tsohuwar ba ta yi maka laifi ba, rigar sanyin da kake sawa ce ta ƙara mata tsawo." Ya fito yana dariya yana sa maka albarka. Ni kuma ina tsaye da samfefa a hannu, raina yana tafasa, ina cewa wannan ai wauta ce, mutum ya kori ciniki da bakinsa.

Wadda ta fi yi mini ciwo ita ce ta 'yata ta biyu, mai sunan Inna, wadda ni da kai muke kira Uwata. Da ta shiga gasar harbin faifai, irin wanda inji yake wurgawa sama, na ce yau zan nuna wa duniya. Na ciro katakon da na ɓoye shekara goma, na yi wata biyu a kansa. Ta fita da shi filin gwaji, ta komo da kunci a kumbure, faifai tara ta fasa cikin ashirin da biyar. Na ce mata rashin natsuwa ne. Ta sake fita, ta komo da takwas. Gasa saura sati biyu, kuma mai horar da su ya ce idan ba ta kai ashirin ba zai ba wata gurbinta.

Ranar Asabar na hango ta tana tsallaka titi da jakar bindiga, tana waiwaye. Na bi ta da kallo. Na ga ka fito da ita bayan shago inda kake da allon ƙarfe mai farin fenti na gwajin harbi, na ji harbi uku. Daga baya ita ta ba ni labari. Ta ce ka sa ta nuna ƙusa a bango da yatsa, ta rufe ido ɗaya, ta rufe ɗayan. Ka ce, "Uwata, idonki na hagu ne shugaba, kuma wuyanki dogo ne irin na Inna, shi ya sa kike kwantar da kai katako yana dukanki." Ka manna ɗan tabo a gilashin da take sawa wajen harbi, daidai idon hagu, ka ƙara tudun kunci. Zanena ko ɗaya ba ka taɓa ba. Shekara ashirin da biyu ina kallon fuskar yarinyar nan, ban ga abin da ka gani cikin minti biyar ba.

Ta fasa ashirin da uku, ta zo ta biyu a gasar. Da mutane suka kewaye ta suna tambayar wa ya yi mata bindiga, kai ka riga ta magana: "Aikin babanta ne, ku dubi zanen nan." Aka yi ta miƙo mini hannu, ni kuma ina karɓa. Auta, da ka yi mini gori da na fi samun sauƙi. Na koma gida ina jin haushin ka fi ni ido, ga shi kuma ka fi ni hali. Wata biyu ban amsa gaisuwarka da kyau ba. Kai kuwa kullum da safe sai ka tsallako da shayi kofi biyu ka ce, "Yaya, ara mini ƙaramin magagarinka, nawa ya dakushe." Na san ƙarya kake. Naka ya fi nawa kaifi.

Ko ranar jana'izarka shaiɗan bai bar ni ba. Na ga jama'a sun cika titi har mota ba ta wucewa, manoma, direbobi, tsofaffin da aka riƙo hannunsu. Ina kuka, amma can cikin zuciyata wani abu yana tambayata ko rabin waɗannan za su zo tawa. Na nemi gafarar Allah a tsaye a nan. Uwata ta faɗi a jikin matarka tana cewa, "Baffa ya tafi, wa zai duba ni?" Ina gefenta lokacin da ta faɗa.

Shekaranjiya na buɗe shago karo na farko tun rasuwarka. Ban jima da zama ba mota ta tsaya a ƙofata, irin motar da na saba gani a tsallake. Wani dattijo ne daga cikin mutanenka, ya yi mini gaisuwa, ya ajiye jakar bindiga a kan teburina. Ya ce, "To, Malam, tunda babu shi, sai kai." Ba da mugunta ya faɗa ba. Abin da na yi shekara talatin ina fata ke nan, ga shi ya zo har ƙofa. Na ce masa ya yi haƙuri ya komo wani satin. Da ya tafi na janyo ƙofa, na zauna a cikin shagon, na yi irin kukan da ban iya yi a gaban mutane ba.

Ka yafe mini, ƙanena. Ban roƙe ka kana raye ba saboda girman kai, yanzu ga shi ina roƙo a gaban kowa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka kabari, Ya haskaka shi, Ya sada ka da Baba da Inna cikin rahamarSa. Allah Ya ba matarka da 'ya'yanka huɗu haƙuri da dangana, Ya raya su a kan halinka. Ya ba Uwata juriya, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gabanka ka dube shi. Ni kuma Allah Ya wanke mini zuciya kafin tawa ranar ta zo. Amin.